Kurakuran da ɗaliban soshal wok suka fi yi a firaktikal, daga logbuk har zaure

Duk lokacin da ɗaliban soshal wok, wato aikin kula da jin daɗin jama'a, suka zo mana firaktikal, wato koyon aiki a aikace, abu biyu nake fara dubawa, logbuk ɗinsu, littafin da suke rubuta aikin kowace rana a ciki, da kuma yadda suke buɗe baki in mun shiga gidan mutane. Na daɗe da lura cewa ciwo ɗaya ne ke fitowa ta wuri biyu, wanda bai iya faɗa wa kansa gaskiya a takarda da daddare ba to da safe ma ba zai iya faɗa wa mai gida gaskiya a zaure ba.

Kuskuren da na fi gani shi ne mai da logbuk rajistar zuwa aiki. "Ƙarfe tara na iso ofis, muka je gidan wata mata, muka yi nasiha, ƙarfe ɗaya muka dawo." Wannan ai direban da ya kai ku ma zai iya rubuta shi. Abin da malamai ke kira rifilekshan, wato waiwaye kan aikin da ka yi, ya wuce haka. Wani masani, Graham Gibbs, a 1988 ya tsara shi mataki shida: me ya faru, me na ji a raina, me ya yi kyau me ya ɓaci, me ya jawo hakan, me na fahimta, sannan me zan yi in irinsa ya sake zuwa. Yawancin ɗalibai shafi biyu suke cikawa da matakin farko su bar sauran biyar ɗin layi ɗai-ɗai. Ka juya shi, labarin kada ya wuce layi biyar, sauran shafin ka ba wa tambayar me ya jawo.

Mataki na biyun nan kuwa shi aka fi tsallakewa, sai ka ga an rubuta "ban ji komai ba" ko "na ji tausayi" shi kenan. Wata ɗaliba muka je da ita gidan da miji ke dukan matarsa, tun da muka zauna a kan tabarma har muka tashi ba ta kalli mutumin ba ko sau ɗaya, duk tambayoyinta matar take jefa wa, me kika yi masa, me ya sa ba ki yi haƙuri ba, matar tana ta murza bakin mayafinta. A logbuk ta rubuta cewa zama ya tafi lafiya. Da na zaunar da ita a ofis sai da muka kusa rabin awa kafin ta ce muryar mutumin irin ta kawunta ce da ya riƙe ta tana ƙarama, tana jin ya yi gyaran murya gabanta ya faɗi. To kun ga, wannan tsoron shi ya tafiyar da zaman gaba ɗaya, shi ya ɗora laifi a kan wadda aka daka, kuma da ba ta furta shi ba haka za ta yi ta maimaitawa a duk gidan da ta tarar da namiji mai tsawa. Ba aibi ba ne ka rubuta na ji tsoro, na ji haushi, na ji ƙyama. Sunan mutane da unguwarsu ne kawai ba a sawa a logbuk, saboda yana bi ta hannu da yawa.

Sai masu rufewa da "nan gaba zan ƙara ƙoƙari in sha Allah". Ƙoƙarin me? Ka rubuta ainihin jimlar da za ka faɗa, da wanda za ka faɗa wa, da ranar. Kuma waiwaye ba sai an dawo gida ba, wani masanin, Donald Schon, tun 1983 ya bambanta tunanin bayan aiki da tunanin da ake yi ana tsakiyar aiki, misali ka lura kai kaɗai ke ta magana minti goma yaron ya sunkuyar da kai, sai ka tsaya nan take ka canza salo.

Yanzu maganar baki. Mu an raine mu da kunya da kara da kawaici, kuma wallahi kaya ne masu daraja a wannan aiki, su ke buɗe maka ƙofar da takardar ofis ba za ta buɗe ba. Matsalar ita ce ɗalibi ya ɗauka girmama dattijo yana nufin haɗiye abin da ya kawo shi. An cire yarinya daga makaranta an ɗora mata talla, ka je, an kawo ruwa, an yi gaisuwa har da ta iyali da gajiya, mahaifin ya ce ai komai lafiya, kai kuma ka ce to Baba ba komai Allah ya shige mana gaba, ka sa takalmi ka fito. Ka fita kunyar Baba amma yarinyar gobe da farantinta za ta fita.

Wani kuma da ya ji an ce a daina noƙewa sai ya zarce, yana shiga ya fara zaro doka, Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 da ta wajabta karatun shekara tara, za mu kira 'yan sanda, duk a gaban maƙwabta. Dokokin gaskiya ne kuma dole ka san su, amma wanda ka tozarta a ƙofar gidansa ba zai sake barinka ka ga 'yarsa ba.

Ga yadda nake koya musu, bayan an gama gaisuwa yadda ta kamata: "Baba, maganar karatun yarinyar nan ce ta kawo ni. Malaminsu ya ce sati uku ba ta je ba. Abin ya dame ni don jarrabawa ta matso. Ina so ta koma ranar Litinin, batun tallan kuma mu zauna da Mama mu ga yadda za a yi. Ranar Laraba zan biya makarantar in duba." Abu huɗu ne a ciki, abin da aka gani, yadda ya dame ka, abin da kake nema takamaimai, da abin da zai biyo baya. Babu "kai ka yi kaza" a ciki, da "ni" ake magana. In ya kauce ya shiga labarin tsadar masara ka saurare shi da gaske don wataƙila nan tushen yake, ka ce na fahimta Baba, sannan ka dawo kan Litinin ɗin da murya iri ɗaya, ko sau huɗu ne, ba ɗaga murya ba kuma janyewa.

Akwai alƙawarin da ba a yi. Yarinya ta ce Anti zan faɗa miki wani abu amma kar ki faɗa wa kowa, tausayi ya sa ki ce wallahi ba zan faɗa ba. Tun kafin ta fara ki ce mata sirrinki yana wurina, amma in wani yana cutar da ke dole in faɗa wa wanda zai kare ki, kuma ke zan fara sanarwa.

Mafi wuya shi ne magana da na sama da kai, oga ko likita ko ɗan sanda. A Ingila har yau ana koyar da labarin Victoria Climbie, yarinya 'yar shekara takwas daga Kwaddibuwa da ta rasu a Landan a watan Fabrairun 2000 a hannun wata gwaggon mahaifinta da saurayin matar, da raunuka 128 a jikinta. An taɓa kai ta asibiti, babbar likita ta ce ƙazuwa ce, aka karɓa ba tare da an matsa bincike ba. An ga yadda yarinyar take ƙamewa a tsaye in gwaggon ta shigo, aka fassara shi da ladabin da ake koya wa yara a al'ada. Wannan wurin yana taɓa ni sosai don mu ma da sauri muke cewa yaro mai ladabi ne alhali tsoro ne ya daskarar da shi. Rahoton Lord Laming na 2003, wanda ya jagoranci binciken mutuwarta, ya nemi ma'aikata su riƙa girmama mutum amma kada su haɗiye duk abin da ya faɗa sai sun tabbatar.

Don haka in oga ya ce a rufe fayil kai kuma zuciyarka ba ta kwanta ba, kar ka yi shiru ka je kana gunaguni a bayan ofis. Ka ce ranka ya daɗe akwai abu biyu da na gani da ba su dace da abin da aka faɗa mana ba, ina roƙon a ba ni dama in ga yaron shi kaɗai kafin a rufe. In an ƙi, ka rubuta a fayil abin da ka gani da abin da ka nema da kwanan wata, ka kai wa safabaizanka na makaranta, wato malamin da ke duba aikinka. Kafin ranar kuma ka sami abokin karatunka ya zauna a matsayin ogan, ka faɗi jimlar da ƙarfi sau uku har bakinka ya saba da ita.