Yadda Ake Haɗa Ƙaramin Injin Sassaƙa na CNC a Gida

Ranar da na zazzage kwalin injin a kan tabarma, kafintan da ke bakin layinmu a unguwar Mabera ta Sakkwato ya leƙo, ya daɗe yana kallon ƙarafuna da jakunkunan notuna, sannan ya ce, "Malam, wanga tarkace shi ka sassaƙa icce da kainai?" Na ce masa ya dawo jibi. Da ya dawo ya tarar injin yana rubuta sunan shagonsa a kan guntun falanki.

Injin CNC inji ne da kwamfuta ke gaya wa inda zai kai bakin yankansa: dama da hagu, wanda ake kira X, gaba da baya, wato Y, sai sama da ƙasa, wato Z. Wanda zan yi bayani a kansa shi ne samfurin 3018, wanda ya fi yawa a hannun masu koyo, kuma kamfanoni da dama a China suna yin sa da sunaye daban-daban, kamar Genmitsu na SainSmart. Sunan ya fito daga girman filin aikinsa: santimita 30 a faɗi, 18 a tsawo, zurfi kuma kusan milimita 45. Yana cin katako, roba mai ƙarfi irin ta allon talla, da siririn allon da ake jera ƙananan kayan lantarki a kai. Ba ya cin baƙin ƙarfe. Wanda ya ce maka zai yi maka ƙofar gida da shi, kuɗinka yake nema. Amma allon suna, lambar gida, maƙalin makulli, hatimin da baduku zai danna a kan fata, duk yana yin su da kyau.

Kafin ka taɓa noti ko ɗaya

Nemi tebur mai ƙarfi wanda samansa ya miƙe sarai. Kada ka haɗa a ƙasa ko a kan benci mai rawa, domin karkatar tebur za ta shiga jikin firam ta zauna. Ka fito da komai ka ƙirga da takardar da ke cikin kwalin, ka zuba kowane irin noti a murfin gwangwani daban, don notuna masu girman M3 da M5 suna ruɗa ido idan sun cakuɗe. Makullan alanki da ke zuwa da injin suna da laushi, bakinsu yana saurin cinyewa, saboda haka ka shiga babbar kasuwa wurin masu kayan aiki ka sayo saiti mai kyau. Ka haɗo da sikwayar ƙarfe ta kafinta, rular ƙarfe, ƙaramin burushi, tabarau na kariya da takunkumin hanci.

Firam: nan ne aikin yake

Ka fara da firam na ƙasa. Ka zura ƙananan notunan nan masu siffar T cikin kwarmin sandunan alminiyam tun kafin ka rufe bakinsu. Duk wanda ya haɗa irin wannan inji ya taɓa mantawa da guda biyu, ya gano bayan ya gama, ya kwance rabin aiki. Ni ma haka.

Ka ɗaura kowane noti da yatsa kawai, kada ka matse. Wannan ita ce shawarar da ta fi kowace muhimmanci a duk rubutun nan. Idan firam ɗin ya tsaya, ka sa sikwaya a kusurwoyi huɗu, sannan ka auna daga kusurwar gaba ta hagu zuwa ta baya ta dama, ka sake aunawa daga ta gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu. Awon biyu dole su zo daidai. Idan ɗaya ya ɗara, ka ɗan bubbuga firam ɗin da tafin hannu har su daidaita, sannan ka matse notunan kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sai wadda ke fuskantarta, kamar yadda bakanike ke ɗaure tayar mota. Ka sake aunawa bayan matsewa, don sau da yawa matsewar ce ke jan firam.

Dalilin wannan wahala shi ne injin ba shi da ido. Masassaƙi da gizago yana gyara hannunsa idan ya ga ya karkace, shi kuwa wannan inda ƙarfe ya kai shi nan zai yanka. Firam ya karkace da milimita biyu, duk murabba'in da za ka yanka har abada zai fito a karkace, kuma babu manhajar da za ta yi maka maganinsa cikin sauƙi.

Sai teburin injin, wanda ke zamewa a kan sanduna biyu masu santsi. Ka goge sandunan da tsumma mai tsabta, ka zura su cikin boris a hankali ba tare da murɗawa da ƙarfi ba, don ƙananan ƙwallayen da ke ciki suna iya zubowa. Kafin ka saka sanda mai tiredi, ka tura teburin da yatsa ɗaya daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Idan ya yi tauri a wani wuri, sandunan ba su jeru ba. Ka sassauta, ka kai teburin ƙarshe ɗaya ka matse wannan ɓangaren, ka kai shi ɗaya ƙarshen ka matse can. Teburin da kansa zai jera sandunan.

Sandar tiredi tana bi ta cikin notin tagulla mai gida biyu da sifirin a tsakani. Aikin sifirin shi ne hana wasa, wato ɗan jinkirin da ake samu idan moto ya juya baya kafin tebur ya biyo shi. Ka danne sifirin da yatsa yayin da kake murɗa sandar ciki. In ka bar shi a sake, da'irarka za ta fito kamar ƙwai. A wurin da sandar ta haɗu da moto akwai ɗan mahaɗi na alminiyam mai ƙananan sukurori. Ƙarfen moton yana da gefe ɗaya a shafe, ka tabbata sukuron ya zauna a kan wannan gefen.

Ginshiƙai biyu masu ɗauke da X da Z su tsaya a nisa ɗaya daga bayan firam. Ka auna da rula, ka sa sikwaya ka ga sun miƙe. Kan Z yawanci a haɗe yake zuwa, zura shi kawai za ka yi, ka saka moton yanka, wanda ake kira 775, cikin maƙalinsa ka matse daidai wa daida, don maƙalin roba ne, yana tsagewa.

Wayoyi da wuta

Fanel ɗin, wato allon lantarkin da ke sarrafa injin, yana da soket uku masu alamar X, Y, Z, da na moton yanka. Ka jona kowanne a gidansa, ka ɗaure wayoyin yadda ba za su shiga hanyar tebur ba, amma ka bar wa na X da Z tsawon da za su kai ƙarshen tafiyarsu. Kada ka taɓa cire wayar moto ko jona ta alhali akwai wuta a fanel. Ƙaramin guntun da ke tuƙa moton, A4988 a yawancinsu, nan take yake ƙonewa.

Adaftar tana ba da bolt 24, amfiya 5 a mafi yawan samfura, wato kusan wat 120. Ka duba jikinta ka ga tana karɓar 220 zuwa 240, kuma in tana da maɓallin zaɓi tsakanin 110 da 220, ka gyara shi kafin ka kai ta soket. Wutar da yake ci ba ta da yawa, ƙaramar infatar sola tana ɗaukarsa, kuma a garinmu ita na fi so. Ɗauke wuta a tsakiyar aiki ba tsayawa kawai yake jawowa ba. A wasu fanel ɗin, ƙwaƙwalwar tana ci gaba da shan wuta daga USB na laftof, tana ƙirga tafiya alhali motoci sun mutu. Wuta ta dawo, injin ya ci gaba daga inda yake zaton ya kai, ya ratsa tsakiyar aikin. Na yi asarar falankin madaci mai kyau ta wannan hanya. In janareta za ka yi amfani da shi, ka sa UPS a tsakani.

Haɗa shi da kwamfuta

Manhajar da ke cikin fanel sunanta GRBL, yawanci sigar 1.1, kuma kyauta ce. Kwamfutarka tana buƙatar direban CH340, wata ƙaramar manhaja, kafin ta gane USB ɗin. Sannan ka saka Candle ko Universal Gcode Sender, su ne ke aika wa injin umarni. A cikin manhajar, ka zaɓi tashar COM da ta bayyana, wato sunan da kwamfuta ta ba USB ɗin injin, ka sa gudun sadarwa a 115200. Idan ka ga Idle, kun gaisa. Idan Alarm ka gani, injin a kulle yake, ka rubuta $X a gurbin rubuta umarni ka buɗe shi.

Ka rubuta $$, jerin saituna zai fito. Ka ɗauki hotonsa da waya ka ajiye kafin ka canza komai.

Yanzu gwajin tafiya, kuma ba tare da bakin yanka a jiki ba. Ka sa matakin motsi a milimita 1 ko 10. X da alamar ƙari ya kai kan injin dama, Z da ƙari ya ɗaga shi sama. Y ce ke ruɗa mutane: a wannan inji teburi ne ke motsi, don haka Y da ƙari zai jawo teburin wajenka, yadda bakin zai koma bayan katako. Idan wani ya tafi a juye, ba sai ka taɓa waya ba, saitin $3 ne ke juya shi: 1 na X, 2 na Y, 4 na Z, in biyu ne ka haɗa lambobinsu. Misali $3=6 ya juya Y da Z.

Sai awo. Saitunan $100, $101 da $102 su ne yawan takun da moto zai yi kafin a yi tafiyar milimita ɗaya. Moton yana taku 200 a zagaye guda, fanel yana raba kowane taku gida 16, sandar tiredi kuma tana tafiyar milimita 4 a zagaye. Ka ninka 200 da 16 ka raba da 4, ka sami 800, kuma ita ce lambar da za ka gani a yawancinsu. Ka kwantar da rula, ka umarci X ya yi milimita 100, ka duba. In ya yi 50 ko 200, sandarka wata iri ce, ka ninka lambar ko ka raba ta biyu. In kuwa 97 ya yi ko 98, kada ka yi saurin gyara lamba. Lissafin yana nan, tsohuwar lamba sau 100 a raba da abin da ka auna, amma irin wannan ɗan gibi galibi mahaɗi ne ke sulɓewa ko sanda ce ta yi tauri. Ka koma can tukuna.

Yawancin 3018 masu araha ba su da makunnan iyaka, saboda haka injin bai san ƙarshensa ba. In ka tura shi ya wuce, za ka ji yana gurnani. Ka tsayar da shi nan take.

Yankan farko

Ka ɗaura guntun MDF, wato allon garin katako da aka matse, ko filawud mai kaurin milimita 12 a kan teburin alminiyam, ya zama shi ke shan rauni idan baki ya zarce. Katakon aikin ya kasance busasshe, ka maƙale shi ta kusurwa huɗu yadda ko ka girgiza shi da hannu ba zai motsa ba, kuma ka lura maƙalan ba sa kan hanyar baki.

Abin da ke riƙe baki shi ne kolet ER11, mai karɓar baki na milimita 3.175. Ka fara danna kolet cikin notinsa sai ka ji ya yi ƙas, sannan ka ɗaura notin a moto, sannan ka zura baki ka matse da sifana biyu. In ka jefa kolet cikin moto ka bi shi da noti, bakin zai zauna a karkace, yana rawa, ya karye. Kada baki ya fito waje fiye da yadda aikin ke buƙata.

Ka kai bakin kusurwar gaba ta hagu ta katakon, ka mayar da X da Y sifili. Na Z kuma, ka shimfiɗa fallen takarda, ka riƙa saukowa da milimita 0.1 kana motsa takardar, har ka ji ta fara kamawa. Nan ne sifili.

Zanen farko kada ya zama sunan amarya da furanni. Ka zana murabba'i mai milimita 50 da da'ira a cikinsa, a manhajar zane irin su Easel ko Carbide Create, ka fitar da fayil ɗin G-code, wato jerin umarnin da injin ke bi. Ka fara gudanar da shi a iska, Z yana sama da katako da santimita biyu, ka ga ko ya tsaya cikin fili. Sannan ka yanka da gaske: zurfin milimita 0.5 a kowane zagaye, gudu milimita 300 a minti. Za ka ga kamar yana jan ƙafa, ka bar shi. Moton 775 yana juyawa wajen sau 10,000 a minti amma ba shi da ƙarfin cizo. Ka sa tabarau da takunkumi, ƙurar MDF akwai gam a cikinta mai cutar da huhu. Hannunka ya zauna kusa da makunni, yara kuma su tsaya daga bakin ƙofa. Ka hana laftof yin barci, in ta yi, aikin ya tsaya.

Da ya gama, ka auna gefe huɗu da kusurwa zuwa kusurwa. In kusurwoyin sun bambanta, firam ne. In da'ira ta yi ƙwai, sifirin ne ko mahaɗi. In zurfin ya fi yawa a gefe ɗaya, allon ƙasa bai kwanta ba, ka sa faffaɗan baki injin ya share samansa da kansa. Wanda zai yi rubutun Larabci ko ajami, ya rubuta a manhajar zane ta Inkscape ya mayar da rubutun zane kafin ya kai shi manhajar yanka, in ba haka ba haruffan suna iya rarrabuwa.

Ƙura da zafi

Takardar da ke cikin kwali ba ta san hunturun Sakkwato ba. Giris mai kauri a kan sandar tiredi yana kama ƙura da garin katako ya zama kamar kwaɓin yashi, ya riƙa cin notin tagulla. Ka share da burushi bayan kowane aiki, ka ɗiga man keken ɗinki kaɗan, ka goge ragowar, ka lulluɓe injin da zane. Daga Maris zuwa Mayu kuma, lokacin da zafi ke haura digiri 40, guntayen da ke tuƙa motoci suna kashe kansu na ɗan lokaci in sun yi zafi, sai ka ga layi ya goce a tsakiyar aiki ba dalili. Ka tabbata ƙaramar fankar fanel tana juyawa, ka bar dogon aiki sai da sassafe ko bayan la'asar. Bayan mako guda kana aiki, ka bi notunan firam da na mahaɗai da alanki ɗaya bayan ɗaya, girgiza tana sassauta su, musamman ɗan sukuron mahaɗin Z.