Yadda Ake Kimanta Tsohuwar Fijo 504 da Tada Ta Bayan Doguwar Ajiya

A gidaje da yawa a Kano, Zariya da Kaduna akwai Fijo 504 da ta kwana biyu a gareji, an rufe ta da tampol tun rasuwar maigida. Faransa ta fito da ita a 1968, kamfanin Fijo na Najeriya, PAN, kuma ya fara harhaɗa ta a Kakuri, Kaduna, a 1975, aka yi kusan shekara 30 ana yin ta a nan. In irin wannan ce ta faɗo hannunka, don Allah kada ka soma da murɗa makulli.

Fara da takardu. Ka gwada lambar cesis da ta inji da abin da ke rubuce a takardar mota. In sun yi daidai, darajarta ta ƙaru. Sannan ka ɗaga kafet, ka duba ƙasan but da gindin ƙofofi, nan tsatsa ke fara ci. Ka bi jikinta da maganaɗisu. Inda ya ƙi kamawa, fila aka cusa aka shafe da fenti. Ni a wurina, motar da fentinta na asali ya koɗe ta fi wadda aka yi wa sabon fenti daraja, domin ba ta ɓoye komai. Kada ka kai ta wurin mai fenti kafin wanda ya san tsofaffin motoci ya gan ta, ya kuma kwatanta da farashin irinta da aka sayar kwanan nan.

Sai inji, kuma nan haƙuri ke aiki. Cire fulogogi huɗun, ka ɗiga ɗan baƙin mai a kowace silinda, ka bar shi kwana biyu ko uku. Daga nan ka sa sifana ka juya injin da hannu. In ya juya, alhamdu lillahi. In ya cije, kada ka matsa. Mai yiwuwa ringin fistin ne ya manne, ƙarfi zai karya shi. Zaro sandar gwada mai: in man ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga, gaskit ko robar layina ta mutu, aikin bakanike ne.

Tsohon fetur yakan zama kamar ƙaro. A zubar da shi, a wanke tanki da kafireta, a canza baƙin mai da filta. Ɓeraye kuma sukan ci wayoyi, saboda haka bi su ɗaya bayan ɗaya kafin ka haɗa sabon batir. Canza fanbel da robobin lagireto, ka duba kwantak, wato abin da ke sakar wa fulogi wuta. Kayan 504 ba su yi wuya ba a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna.

Birki kam kada a yi masa rowa. Man birki yana shan danshi, robobinsa kuma suna bushewa. A sake su duka. Tayoyi ma haka, ko da zanensu bai ci ba. Lambobi huɗun da ke gefen taya suna nuna mako da shekarar da aka yi ta.

Ranar da ta tashi, bar ta tana aiki a tsaye kana kallon allurar zafi da ƙasan mota ko akwai yoyo. Fitar farko, zagaye unguwa kawai a giya ta biyu, bakanikenka na zaune a gefe yana sauraron injin.