Kurakuran da ake tafkawa wurin canza etiriyen birkin baya na manyan kat-kat

Duk wanda ke da babbar mota irin su Land Cruiser V8 ko Prado a nan Tawa ya san wannan magana, ka ƙara mata manyan tayoyi, ka ɗora galeri a sama, ka labta jarkokin gazuwal da ruwa za ka Agadas, sai ka ji birki ba ya kama kamar da. Daga nan sai wani ya ce maka ai Alhaji etiriyen baya ne ya yi mata kaɗan, a sa babba. Etiriye dai shi ne ƙarfen nan da ke rungume da disk, mai pisto a ciki, wanda ke matse plaket in ka taka.

To kuskure na farko ma shi ne yarda da wannan maganar ba bincike. In mota ta taka birki nauyinta gaba yake zubawa, shi ya sa birkin gaba ke ɗaukar mafi yawan aikin, wajen kashi 60 zuwa 70 cikin 100. Land Cruiser 200 da aka fara yi a 2007 pisto huɗu gare ta a kowane etiriyen gaba, na baya kuwa ɗaya tak, kuma ba rowa Toyota suka yi ba, lissafi ne. Sau da yawa motar da ake cewa birkinta ya yi sanyi ba girman etiriye ne matsalarta ba, sandunan nan biyu da etiriye ke zamewa a kansu ne suka ƙafe da ƙura da tsatsa, robar da ke rufe su ta yage, plaket ɗaya ya cinye ɗayan yana nan kamar sabo. A kwance, a wanke, a sa girisin birki, a canza roba, a zubar da tsohon mai, wallahi sau tari shi ke nan. Amma girisin birki na ce, mai silikon. Baƙin girisin nan na rulma kumbura roba yake, bayan ɗan lokaci sandar ta sake ƙafewa.

Yanzu mu ce ka dage sai ka sa babba. Nan ne ake yin ɓarnar da ta fi haɗari, don mutane faɗin pisto suke dubawa su ce ai ɗan bambanci ne. Ɗauki misali, pisto mai milimita 48 ka maye shi da mai 54, a ido milimita 6 ne kawai, amma filin da mai ke turawa ya ƙaru da wajen kashi 27 cikin 100. Ke nan baya ya samu ƙarfin da gaba bai samu ba. A gudron busasshe ba lalle ka lura ba, sai ranar da ka taka da ƙarfi a jar hanya mai tsakuwa ko ruwa ya sauka, tayoyin baya su riga na gaba kullewa, gindin mota ya zagayo. Motar da gabanta ya kulle miƙe take tafiya, wadda bayanta ya kulle juyawa take, kuma kat-kat doguwa ce da kaya a kai, in ta juya a gefen hanya kifewa ba ta da wuya. Masu cewa ai akwai ABS, na'urar nan da ke hana tayoyi kullewa, e akwai, amma an saita shi ne da girman birkin kamfani, zai dinga shiga da wuri yana ƙugi ƙarƙashin ƙafarka, tazarar tsayawa ma tana iya ƙaruwa. Sannan babban pisto mai da yawa yake sha, metir silindir kuwa, wanda ke turo mai in ka taka pedal, shi ne dai na da, sai pedal ya yi tsawo yana sauka ƙasa kafin ya kama. Gyaran wannan ɗaya ne, ko dai a taɓa gaba da baya tare da kit ɗin da aka yi wa wannan samfurin motar, ko a bar girman pisto yadda yake a sa plaket mai kyau.

Masu tsofaffin motoci, irin su Land Cruiser 80 da 105 da pikof 79 da ba su da ABS, akwai wani ɗan balb a baya da sanda ta haɗa shi da gadar baya, shi ke auna kaya ya ƙara ko ya rage wa baya ƙarfi. In ka ɗaga mota da dogayen resor ba ka sake saita sandar ba, balb ɗin ɗauka yake mota fanko ce ko da ka cika ta da buhunan albasa, sai ya hana baya mai. Mutum ya sayi sabon etiriye a banza, alhali saiti kawai ake nema. Shi ma balb ɗin yana da ɗan nonon cire iska nashi, ana yawan manta shi.

Bari in ba ku wanda ya faru da ni. Na sayo etiriye biyu daga Yamai, na kai wani garaji, ba sai na faɗi wane ba, patoron ya tafi jana'iza ya bar wa apranti aikin. Yaro ya ɗaura, aka shiga purje, wato cire iska daga cikin man birki, taka saki taka saki, mun ƙarar da kwalbar mai biyu pedal na nan lagwai-lagwai kamar ka taka soso. Da la'asar patoron ya dawo, bai ma taɓa kile ba, durƙusawa kawai ya yi ya leƙa bayan taya.

"Kai zo nan. Iska sama take hawa ko ƙasa?"

"Sama, maigida."

"To nonon purje me yake yi a ƙasa?"

Ashe na dama ya sa a hagu, na hagu a dama. Ramukan bulo ɗaya ne, yana shiga lafiya lau, amma nonon ya koma ƙasa iskar ta maƙale a saman pisto, ko kwana za ka yi kana purje ba ta fita. Patoron ya juyo ya ce Alhaji yi haƙuri, man da aka zubar a kaina. Minti talatin aka gama. Don haka kafin a ɗaure komai duba, nono ya kasance a sama, kuma yawancinsu akwai R da L a jiki.

Wurin purjen ma akwai wani abu da makanikai da yawa da suka saba da ƙananan motoci ba su sani ba. Land Cruiser V8 100 da 200 da Prado da yawa ba su da tukunyar iskar nan ta serbo mai ƙara wa ƙafa ƙarfi, ponpin lantarki gare su mai tara matsi. A irinsu birkin baya da kontak a buɗe ake masa purje, mutum ya danne pedal ya riƙe, ka buɗe nono, ponpi da kansa zai turo mai, ba taka-saki ba. Sai dai a sa ido a bokal ɗin man birki kada mai ya ƙare iska ta shiga blok ɗin ABS, don in ta shiga sai an nemo na'urar diyagnostik. Kafin a kwance wani abu kusa da ponpin kuma, a kashe kontak a taka pedal wajen sau 40 har ya yi tauri, matsin ya sauka.

Mai kuma, DOT 3 ko DOT 4, abin da ke rubuce a murfin bokal. Sabon DOT 3 sai ya kai digiri 205 yake tafasa, DOT 4 kuwa 230, amma man birki yana shan danshi, in ya tsufa DOT 3 na iya saukowa wajen 140, kuma mai saukowa gangaren Keita ko Buza da kaya ƙafarsa kan birki zai kai wannan zafin. Kwalbar da aka buɗe ta yi watanni a kan shelf kada a zuba maka ita. DOT 5 silikon ne, ba a gauraya shi da sauran, kada lambar ta ruɗe ka. Man bwat ko na direksiyo kuwa ko ɗigo ya shiga, duk robobin sun tashi aiki.

Sauran ƙanana ne amma suna cizo. Barin etiriye yana reto a jikin tiyo, a ɗaure shi da waya. Murɗe tiyo wurin mayarwa. Maida tsofaffin ƴan zobban jan ƙarfe na bulon tiyo, sababbi ake sawa guda biyu, in ba haka ba zai dinga tsattsafo. Ɗaure bulo da tsalle a kan kile maimakon kile mai awo. Sai janta, babban etiriye na iya gogar cikinta, a gwada taya a juya da hannu tun mota na kan kirik, har da ta sukur, don wasu tayoyin gefen sun girma amma ta sukur tana nan ƙarama.

Birkin hannu ma a tuna da shi. A Land Cruiser ƴan takalma ne a cikin tukunyar disk ɗin baya, ba ruwansu da etiriye, to in kit ɗin ya zo da wani disk daban a tabbatar tukunyar ta dace da su, in ba haka ba ka koma sa dutse a taya.

Etiriyen okaziyo da ake samu a kasuwar Katako ta Yamai ban ce kada a saya ba, amma a ciro pisto a gani, in ya yi ramukan tsatsa a bar shi, in lafiya yake a sa sababbin robobi.

In an gama kada ka loda kaya ka kama hanyar Abalak nan take. Tun a garaji taka pedal sau da yawa har ya yi tauri kafin mota ta motsa, don pisto na can ciki bai iso plaket ba, takawar farko fanko ce. Daga nan ka nemi miƙaƙƙen wuri ba jama'a ba dabbobi, ka kai gudun kilomita 60 ka rage zuwa 15 kamar sau takwas ko goma ba tare da ka tsaya cak ba, ka ci gaba da tafiya birki ya huce. In ka sauka ka kai hannu kusa da jantunan baya, ba taɓawa ba, in ɗaya ta fi ɗaya zafi sosai wannan ɓangaren yana riƙewa, a koma a sake kwancewa.