Kafin ka ɗaura tirelar zango a bayan motarka a Amurka ko Kanada

Daga ƙarshen watan Mayu zuwa farkon Satumba, manyan hanyoyin Amurka da Kanada cike suke da motoci masu jan ƙananan gidaje a bayansu. Tirelar zango ke nan: ɗaki mai taya, da gadaje da kicin da banɗaki, ka ja ta da motarka har inda za ku sauka. Akasarinsu a jihar Indiana ake ƙera su, a garin Elkhart da kewayensa, inda kamfanoni irin su Forest River da Jayco suke, Airstream mai jikin alminiyo kuma a Ohio. Ba abin mamaki ba ne idan ran ɗan'uwa sabon zuwa ya biya. Mai iyali da yara huɗu ko biyar, ɗaki biyu zai kama a otal, abincin halal yana wuya da zarar an bar manyan birane, ga neman wuri mai tsarki na sallah. Tirela tana raba ka da wannan duka, kuma ina goyon bayan duk wanda ya yi niyya. Roƙona ɗaya ne: kada ka fara da duba tirela, fara da duba motarka.

Buɗe ƙofar direba, ka duba jikin ginshiƙin da ƙofar take rufuwa a kai. Akwai wata 'yar takarda manne, mai fari da rawaya, wadda ta faɗi yawan iskar taya, ta kuma faɗi iyakar nauyin mutane da kaya da motar za ta iya ɗauka. Wannan adadin shi ne alƙali. Dillali zai karanto maka wani adadin daban, na nauyin da motar ke iya ja, ya ce ai a-kori-kurar nan tana jan laba 9,000. Ba ƙarya ya yi ba, amma ja daban, ɗauka daban. Wuyan tirela yana zama ne a kan ƙwallon ƙarfen da ke bayan motarka, kuma kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirelar a nan yake sauka.

Mu yi lissafi. A ce takardar ta ce laba 1,500, wato kusan kilo 680. Tirelarka bayan lodi ta kai laba 6,000, wuyanta zai danna motar da laba 750 ko kusa da haka. Ƙarfen haɗin kansa zai ci kusan laba 100. Kai da uwargida da yara huɗu, a ce laba 700. An riga an haura 1,500, ba a sa kular abinci ba, ba a sa buhun shinkafa ba. A gida mun saba ganin motar kasuwa ta sha lodi har bayanta na shafar ƙasa, ana cewa Allah ya kiyaye, a wuce. Nan kuwa gudun kilomita 100 ake yi awa da awanni, ana hawa duwatsu ana gangarowa, kuma idan tsautsayi ya faɗa aka gano lodi ya wuce ƙa'ida, laifin yana iya komawa kanka. Saboda haka kada ka yi lissafi da nauyin tirela babu kaya, wanda ake bugawa a takardar talla. Yi da wanda aka rubuta GVWR a jikinta, shi ne iyakar nauyinta da kaya. Ruwa kaɗai galan ɗaya ya haura laba 8, tanki mai galan 40 ya wuce laba 330. Bayan ka yi lodi, ka biya ta tashar manyan motoci mai sikelin kamfanin CAT, ka hau, da 'yan daloli kaɗan za a ba ka takardar nauyin kowane gindin taya.

Yadda aka jera kayan ma magana ce. Masu nauyi a ƙasa, a gaban tayoyin tirela ko daidai kansu. Idan nauyi ya rinjaya baya, wuya ya yi sakayau, tirela za ta fara tangaɗi, musamman idan babbar mota ta wuce ka ko iska ta bugo daga gefe. A wannan lokaci ƙafa burki take nema, kuma shi ne abin da bai kamata ba. Riƙe sitiyari a miƙe, ɗaga ƙafa daga totur, ka matsa maɓallin burkin tirela da hannu, sai ta miƙe a bayanka. Wannan maɓalli yana jikin na'urar sarrafa burkin tirela, wadda ake sawa kusa da sitiyari, tana aika wuta ta fulogi mai baki 7. Jihohi da yawa sun wajabta burki ga tirelar da ta kai laba 3,000, Kalifoniya daga laba 1,500, lardin Ontario daga kilo 1,360. Ƙwallon haɗi kuma girma-girma ne, an fi samun inci 2 da inci 2 da 5/16, kuma dole ya dace da bakin tirelar daidai. Sarƙoƙi biyu a gicciye su ƙarƙashin wuya. Siririyar wayar nan da ke kama burki idan tirela ta kufce, a jikin mota ake maƙala ta, ba a jikin sarƙa ba. Idan tirelar mai nauyi ce, sayi ƙarfen haɗi mai sanduna biyu da ke mayar da wani nauyin zuwa tayoyin gaba.

A yawancin jihohi lasin tuƙinka na kullum ya wadatar, amma hanya tana da nata dokokin. A Kalifoniya mai jan tirela ba ya wuce mil 55 a awa. 'Yan'uwanmu na Bronx su kula sosai: hanyoyin New York da sunansu ya ƙare da Parkway an hana tirela bin su, gadojinsu gajeru ne, manhajar taswira ta waya kuwa ba ta san kana jan komai ba. Hanyoyin ƙarƙashin ruwa na Baltimore ba sa yarda da manyan tukwanen gas. Auna tsayin tirelarka har da na'urar sanyaya ɗaki da ke kan rufi, ka rubuta, ka manna a gabanka. Kada kowa ya zauna cikin tirela ana tafiya. Ribas kuwa sai da koyo: nemi filin ajiye motoci da ba kowa, sa hannu a ƙasan sitiyari, duk inda hannunka ya nufa can bayan tirela zai nufa. Mutum ɗaya ya tsaya inda kake ganinsa a madubi, idan ya ɓace maka ka tsaya cak.

Ruwa ne ke kashe tirela. Yawanci jikinta katako ne da siraran allo, rufinta shimfiɗar roba ce, kuma kowace kafa ta taga da fanka da bututu da wani farin danƙo aka toshe ta. Rana tana busar da shi, ya tsage, ruwa ya riƙa shiga a ɓoye har katako ya ruɓe. Hau ka duba aƙalla sau biyu a shekara, ka cike duk tsagar da ka gani. In ta hannu za ka saya, shiga ka rufe ƙofa ka shaƙi iskar ciki, warin rima ba ya ɓuya. Taka kowane lungu na daɓe, danna bango ƙarƙashin tagogi, inda ya lotsa ka haƙura da ita komai arharta. Ka tabbata lambar da ke jikinta ta yi daidai da ta takardar mallaka, kuma babu bashin banki a kanta.

Tayar tirela ba ta cika cinyewa ba, tsufa take yi a tsaye. A gefenta bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu na ƙarshe: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Ta kai shekara biyar ko shida, canza ta ko da zanenta na nan raɗau. Auna iska da safe kafin a tashi, ɗaure notuna, a sa wa boris sabon giris duk shekara ko bayan mil 12,000.

Kafin sanyi ya kankama, a Minnesota ko Toronto wajen watan Oktoba, a zubar da ruwan tankuna da na hita, a cika bututu da ruwan hana daskarewa mai launin hoda wanda aka yi don tireloli. Na injin mota guba ne, kada ya kusanci bututun ruwan sha.

Tankuna uku ne: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na bayan gida. Mu masu alwala sau biyar da tsarki da buta, ruwanmu ya fi saurin ƙarewa, tankin wanka ya fi saurin cika. Alwala a waje da buta tana rage wannan sosai. Ana juye tankuna ne a wurin da aka tanada kawai, na bayan gida tukuna, sannan na wanka ya ɗauraye tiyo.

Ga wadda nake so uwayen gida su ji da kyau: garwashi ba ya shiga tirela. Ko na turaren wuta a kasko, ko na shayi, ko na gashi. Ɗakin ƙarami ne, a rufe ruf, gawayi kuma yana fitar da iskar da ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci. Janareta ma a nesa da tagogi. Gwada ƙararrawar hayaƙi da ta gas kafin kowace tafiya. Wutar yawancin tireloli amfiya 30 ce a kan bolt 120, kada ka soka ta a soket ɗin injin busar da kaya na gida don ka ga sun yi kama, wancan 240 ne, zai ƙone maka kayan wuta.

Masu son ƙara mata kaya, a fara da abin da ke tsare rai: tayoyi masu kyau, na'urar da ke nuna iskar taya ana cikin tafiya, kyamarar baya, da na'urar kare kayan wuta daga wutar sansani marar kyau. Sola da batirin litiyam su biyo baya, idan kana son sauka a filayen gwamnatin tarayya na yammacin Amurka, inda a yawancinsu ake yarda mutum ya yi kwana 14 kyauta, ba wuta ba famfo. Batirin litiyam ba a cajinsa idan sanyi ya kai na daskarar ruwa, sai mai hita a ciki. Duk abin da ka ƙara kuma, ka rage nauyinsa daga lodin da ya rage maka.

Tun kafin ka biya kuɗi, ka san inda za ta kwana. Unguwanni da yawa suna da ƙungiyar masu gidaje da ta hana ajiye tirela a ƙofar gida, mai zaman haya a bene kuwa sai ya kama fili yana biya duk wata, ko ya yi tafiya ko bai yi ba. Sa wannan cikin lissafi tare da rajista da inshora da man da zai ƙaru sosai. Idan da hali, ka yi hayar tirela na ƙarshen mako guda tukuna, ka kai iyali gandun shaƙatawa na jiha mafi kusa da ku. Wuraren sauka na gwamnatin tarayya ana kama su a shafin Recreation.gov, da yawansu tun wata shida kafin ranar, kuma na watan Yuli ba sa daɗewa.