Yadda ake shirya ruwan bagaruwa domin wanke ƙaramin rauni da kuskure baki

Duk wanda ya taɓa leƙa majema a Damagaram ya san aikin bagaruwa a kan fata: tana ƙanƙame ta, ta hana ta ruɓewa. Sinadarin tanin da ke cikin ƴaƴanta ne ke yin wannan aiki, kuma shi ne dalilin da ya sa masu bincike suka ga ruwanta yana daƙile yaɗuwar wasu ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji, ciki har da wadda ke haddasa maruru da ruwa a gyambo. Sai dai abin da ya kashe ƙwayar cuta a farantin gwaji ba lallai ne ya warkar da cutar da ta shiga jini ba, saboda haka a tsayar da amfaninta ga wajen jiki da baki.

A fara da zaɓe. Idan za a saya a Kasuwar Dole ta Damagaram, a nemi busasshiya wadda ba ta yi hunhuna ba, ba ta kuma da ramukan ƙwari, domin wadda ta sha damina a buhu cutarwarta ta fi amfaninta. A wanke ta, a fasa, a cire ƙwallayen, sannan a zuba kimanin cikin tafin hannu a lita 1 ta ruwa mai tsabta, a tafasa kamar minti 15 a rufaffiyar tukunya. A tace da tsumman da aka tafasa shi ma, a bari ya huce, a yi amfani da shi a ranar. Wanda ya kwana a zubar.

Kafin a taɓa rauni, a wanke hannu da sabulu, a wanke raunin da ruwa, sannan a bi da ruwan bagaruwar. Barbaɗa garinta a buɗaɗɗen ciwo, kamar yadda wasu ke yi, yana iya shigar da ƙasa da datti. Mai kumburin dasashi ya kuskure baki ya tofar, kada ya haɗiye, domin yawan tanin yana ɗaure ciki, yana kuma rage ƙarfen da jiki ke samu daga abinci.

Raunin ƙusa ko tsatsattsen ƙarfe, cizon kare, ƙuna mai faɗi, ko ciwon da ya kumbura ya zo da zazzaɓi, waɗannan na asibiti ne, inda ake yin allurar tetanos, wato rigakafin ciwon sarƙewar haƙora. Yaro mai zawo kuwa kada a ba shi ruwan bagaruwa ya sha; a ba shi ruwan gishiri da sukari, da kuma maganin zinki, a kai shi wurin likita.