Yadda ake zuba masu rajista cikin Mailchimp da Python

Na ɗauka Python na kan kwamfutarka, kuma ka riga ka buɗe asusun Mailchimp, wato manhajar da ake aika wa masu rajista saƙon imel da ita. Sauke laburaren da `pip install mailchimp-marketing`, sannan ka ƙirƙiri makullin API daga asusunka, wato lambar sirrin da za ta ba Python izinin shiga asusun. Kwafe shi nan take, don sau ɗaya ake nuna maka shi. Kada ka kuskura ka liƙa shi cikin lambar da za ka ɗora a GitHub.

Dubi wutsiyar makullin. Bayan ɗan layin nan (-) za ka ga abu kamar us6 ko us19. Wannan shi ne sabar da asusunka yake, kuma shi ake ba `set_config` tare da makullin. Masu koyo da yawa sukan kwafo us19 daga misalin wani su zauna suna zargin intanet. Gwada da `client.ping.get()` tukuna. In bai amsa ba, kada ka ci gaba.

Yanzu ga inda na sha wuya. Kowa da `add_list_member` yake farawa, kuma yana aiki lafiya lau har ranar da wani ya sake cike fom ɗinka, sai a dawo maka da kuskure 400 wai mutumin yana ciki. Ni na daina amfani da shi kwata-kwata. Yi amfani da `set_list_member`: in sabo ne ya saka shi, in tsoho ne ya gyara bayanansa. Sai dai yana neman MD5 na adireshin imel, wato wata lamba da ake lissafowa daga adireshin, kuma dole ka mayar da adireshin ƙananan baƙaƙe kafin ka lissafa. Na taɓa kwana ina neman wata mata da `get_list_member`, yana ta ba ni kuskure 404 wai ba ta ciki, ga sunanta ina gani ƙuru-ƙuru a allo. Ashe wayarta ce ta mayar da harafin farko babba. `.strip().lower()` kawai ya raba gardama.

A jikin bayanan da kake tura wa `set_list_member`, ka sa `status_if_new`, ba `status` ba, don kada ka taɓa matsayin wanda ya riga ya cire kansa daga rajista. Ni `pending` nake sawa, mutum ya tabbatar ta imel ɗinsa.

Batun kuɗi kuma: waɗanda suka fita ma ana lissafa su cikin adadin da kake biya, sai dai in ka tura su ma'ajiya (archive). Da dala ake biya, ka san zancen.

In mutanen da yawa ne, `batch_list_members` na ɗaukar 500 a lokaci guda. Kada ka wuce haɗi 10 a tare, in ba haka ba kuskure 429 za ka gani, wai buƙatunka sun yi yawa.