Ga masu cewa ba su san sana'ar da suke so ba

Ƙannena da kuka gama makaranta, zaman tunani a ɗaki ba zai nuna muku inda zuciyarku ta karkata ba. In kuna Kaduna, ku shiga kasuwar Panteka wurin masu walda da kafintoci, ko Kasuwar Barci wurin teloli, ku roƙi wani maigida ya bar ku ku riƙa zuwa na wata guda. Ku lura da aikin da kuke yi har a kira la'asar ba ku ankara ba, wanda in ya lalace kuke jin ciwo ku sake yin shi. Wallahi wannan alama ce babba. Ku kuma tambayi iyaye abin da kuka fi naci a kai tun kuna yara, ba sa mantawa. Maganar nawa ake samu, ku bar ta sai watan ya cika.